Zaren Ƙarfe a Cikin Kankare: Ƙarfi, Danƙo da Ƙarko



Maginin Hausa ya daɗe da sanin cewa ƙasa zalla ba ta yin bango mai kyau. Idan ya haƙo ƙasa sai ya jiƙa ta, ya zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake, sa'an nan a ɗora. In kuwa aiki ya kai ga rufi, sai ya aika a nemo azara. Ciyawa tana hana bango darewa sa'ad da yake bushewa, azara kuwa ita ce ke ɗauke da nauyin soro, kuma ba a taɓa jin maginin da ya ce tun da ya yawaita ciyawa ba ya bukatar azara ba. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai sami sauƙin bin abin da wannan lacca take tafe da shi, domin kuwa a ginin zamani rodi shi ne azara, zaren ƙarfe kuma shi ne ciyawa.

Kankare, watau haɗin siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, yana da hali irin na dutse. Idan aka danne shi yana ɗaukar nauyi mai yawan gaske, amma idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, abin da zai iya jurewa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Bugu da ƙari, yana da gautsi: ba ya yin kashedi, tsaga tana farawa sai ta ratsa shi gaba ɗaya. Wannan ne ya sa wani mai lambu a Faransa, Joseph Monier, ya riƙa sa ragar waya cikin tukwanen furanninsa na siminti, har ya yi rajistar dabarar a 1867. Yana cikin waɗanda suka share fagen kankare mai rodi. Sai dai rodi yana kwance ne a inda aka ɗaure shi, tsakanin wannan da wancan kuwa akwai tazarar da ba kome a cikinta sai kankare mai gautsi. A 1963 James Romualdi da Gordon Batson, a birnin Fitsbag na Amurka, suka wallafa binciken da ya nuna cewa siraran wayoyi da ke kurkusa da juna suna tare tsaga tun tana ƙarama. Daga nan aka tashi haiƙan wajen gwada gajerun wayoyi da ake barbaɗawa cikin kwaɓi.

Abin da ake kira zaren ƙarfe a nan gutsuren waya ne, tsawonsa daga milimita 25 zuwa 60, kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba. Galibi ana tanƙwara bakinsa biyu kamar ƙugiya domin ya kama kankare sosai, irin wanda kamfanin Bekaert na Beljiyam ya yi fice da shi. Ana auna yawansa ta hanya biyu, kuma ya kamata ma'aikacin da ke duba takardun kwangila ya san yadda ake juya ɗaya zuwa ɗaya. Ko dai a ce kilo kaza a cikin kubik mita guda na kankare, ko kuwa a ce kashi kaza cikin ɗari na girman kwaɓin. Kubik mita guda na ƙarfe yana da nauyin kilo 7,850, saboda haka kashi ɗaya cikin ɗari shi ne kusan kilo 78. Daɓen masana'antu da na ɗakunan ajiya yawanci kilo 20 zuwa 40 ake sa masa, watau daga rubu'in kashi ɗaya zuwa rabinsa. Mai sauraro zai ga kamar kaɗan ne, amma kilo guda na zare mai tsawon milimita 60 da kaurin 0.75 ya ƙunshi sili fiye da 4,000.

To, me wannan yake ƙara wa kankare? A nan harshen Hausa ya tanadi kalmomi uku da suka raba al'amarin daidai: ƙarfi, da danƙo, da ƙarko. Kowanne da yadda zare yake taɓa shi.

Ta wajen ƙarfin ɗaukar danniya, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ko da an kai zare kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, ƙarin da ake samu yana tsakanin babu da kashi 15 cikin ɗari. Wanda ya sayi zare domin ginshiƙinsa ya ɗauki ƙarin bene ya yi asarar kuɗinsa, da ya rage ruwan kwaɓi ya kuma shayar da kankaren yadda ya kamata da ya fi samun biyan bukata. Ta wajen ja, a wannan ma'auni, ana samun ƙarin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, ta wajen lanƙwasa kuma fiye da haka. A ƙaramin ma'auni irin na daɓe kuwa, nauyin da zai fara tsaga kankaren kusan bai sake ba.

Babban amfanin zare yana bayyana ne bayan tsaga ta riga ta auku. A ɗakin gwaji ana girka gungumen kankare a kan matokara biyu, a danna tsakiyarsa da inji. Wanda ba shi da zare, da ya tsage sai ya rabu biyu nan take. Mai zare kuwa yana tsagewa amma ba ya faɗuwa, domin dubban silin da suka gitta tsagar suna riƙe da gefenta biyu kamar ɗinki. Kafin tsagar ta buɗe sai an zaro kowane sili daga raminsa, an miƙar da ƙugiyarsa, wannan kuwa aiki ne mai cin ƙarfi. Shi ne danƙo, kuma shi ne yake ƙaruwa ninki-ba-ninki gwargwadon yawan zare. Saboda haka ne ƙa'idar gwaji ta Turai take auna nauyin da gungumen yake riƙe da shi sa'ad da bakin tsaga ya buɗe rabin milimita, har zuwa milimita uku da rabi. Ga mutumin da ke aiki cikin ramin da aka huda a dutse, wannan bambanci ne tsakanin rufin da zai tsage ya ba shi lokacin fita da wanda zai rikito masa a ka. Mutanen Norwe sun gane haka tun wajen 1980, suka koma fesa kankare mai zare a jikin ramukan hanyoyinsu maimakon kafa ragar waya da hannu a ƙarƙashin dutsen da bai kafu ba.

Amma yawan zare yana da iyaka, kuma ba a ɗakin gwaji ake gamuwa da ita ba, a bakin injin kwaɓi ne. Da zarar an doshi kashi biyu cikin ɗari, kwaɓi yana yin tauri, silin suna sarƙewa su dunƙule kamar bushiya, su bar kogo a cikin gini. Ma'aikaci kuwa in ya ga kankare ya ƙi zubuwa daga kwanon sarki, abin da ya sani shi ne ƙara ruwa, ƙarin ruwa kuma yana raunana siminti. Ta haka sai a wayi gari kankare mai zare da yawa ya fi mai kaɗan rauni. Maganin abin shi ne rage girman tsakuwa, da ƙara yashi da siminti, da yin amfani da sinadarin da ke sassauta kwaɓi ba tare da ruwa ba, da kuma zuba zaren sannu a hankali bayan tsakuwa ta shiga. Gadar ƙafa ta garin Shabruk a Kanada, wadda aka gina a 1997, an yi ta da kankare mai zare da yawa, amma zaren nata gajere ne siriri, kwaɓin kuma ba tsakuwa a cikinsa sam.

Saura ƙarko, inda tambayar da kowa ke yi ita ce ta tsatsa. Siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, kuma wannan kaifi yana lulluɓe ƙarfe da wata siririyar fata mai hana shi tsatsa. Iskar da ke shiga a hankali, ko gishiri, su ne ke ɓata fatar. Idan rodi ya yi tsatsa sai ya kumbura ya fasa kankaren da ya rufe shi, abin da ake gani a ƙarƙashin tsofaffin gadoji. Zare bai cika yin haka ba, gama siriri ne, kumburinsa bai isa ya fasa kome ba, kuma ba a haɗe yake da ɗan'uwansa ba balle tsatsa ta bi shi zuwa ciki. Silin da ke fuskar gini dai suna yin tsatsa su bar ɗigo-ɗigon ja, wanda muni ne kawai ga ido. Dadin daɗawa, da yake zare yana matse tsaga, ruwa ba ya samun hanyar shiga sosai. Sharaɗin shi ne tsagar ta zauna ƙarama. In ta wuce kimanin kashi biyu ko uku cikin goma na milimita, a wurin da ke da gishiri kamar bakin teku, sai sirantar nan ta zama aibi, domin abin da rodi zai shekara da shekaru yana jurewa, sili ba ya daɗewa ya tsinke, ɗinkin ya warware. Gobara kuma wani sha'ani ne dabam. Zaren ƙarfe ba ya hana kankare tartsatsi idan ruwan da ke cikinsa ya zama tururi, shi ya sa a ramukan jirgin ƙasa na Ingila ake haɗa shi da zaren roba, wanda ke narkewa a wajen digiri 160 ya buɗe wa tururi hanya.

Ga ma'aikacin da takardar ɗan kwangila za ta zo gabansa, kalmar "kilo 30" ita kaɗai ba ta isa ba, domin kilo 30 na zare dogo siriri mai ƙugiya ya fi kilo 40 na gajere mai kauri aiki. Abin da ya dace a nema shi ne sakamakon gwajin gungume bayan kwana 28, da aka yi da irin zaren da irin kwaɓin da za a yi aikin da su. A daɓe, da titi, da kwalbati, da fesin rami, zare yana iya maye gurbin ragar waya. A ginshiƙi da rufin bene, hukumomin ƙa'ida sun yi taka-tsantsan ƙwarai: ƙa'idar Amurka ba ta yarda da zare a madadin wasu ƙananan zobban rodi ba sai a 2008, kuma da sharaɗin kada ya gaza kilo 60 a kubik mita, manyan rodin kuwa suna nan a inda suke.