Tun ran gini ran zane: jawabi kan zaɓen biro da raba gardamar shugabanni



Duk ƙungiyar da ta zo zaɓen biro, ta ƴan kasuwa ce ko sandika, hankalin mutane yakan tafi ga tambaya guda: wa za a ba kujera? Alhali akwai wadda ta fi ta nauyi: in waɗanda aka zaɓa suka saɓa, wa zai raba gardama? Nijar ta biya wannan darasi da tsada.

Ranar 29 ga Yuli 1991 aka buɗe Taron Ƙasa a Yamai, da wakilai fiye da 1000. Mahalarta suka zaɓi malamin tarihi Andire Salifu ya jagoranci zama. An yi zafi, an yi hayaniya, amma da yake akwai dokar zama mai cewa wa ke ba da magana da yadda ake ƙuri'a, taron ya kai ranar 3 ga Nuwamba.

Tsarin mulkin Disamba 1992 kuwa ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da faraminista, bai fayyace mafita ba in sun fito daga ɓangarori masu hamayya. Zaɓen ƴan majalisa na Janairu 1995 ya ba ƴan adawa rinjaye, Hama Amadu ya zama faraminista a zamanin shugaba Mahaman Usman. Rigima ta tashi kan wa ke naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati, da wa ke kiran taron ministoci. Kowa ya karanta kundin yadda ya yi masa daɗi, aikin gwamnati ya cije. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanal Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su duka biyun. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya sami ƙasa yana iya samun ƙungiyar masu rumfuna a kasuwar Maraɗi ko Damagaram. Saboda haka kafin a jefa ƙuri'a, a rubuta ƙa'idoji. Adadin ƴan biro ya zama mara, 5 ko 7, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Kuɗi kada su fita sai da sa hannun shugaba da na ma'aji. In shugaba ya ƙi kiran taro, kashi ɗaya cikin uku na mambobi su sami ikon kiransa. A ranar zaɓen kuma a fid da dattawa uku waɗanda ba su neman kujera, hukuncinsu ya hau kan kowa har babban taro ya zauna.

Dokar da aka rubuta ana cikin shiri kowa na yarda da ita. Wadda aka kawo bayan faɗa ya ɓarke, ana ganin ta ta wani ɓangare ce. Allah ya haɗa kawunan shugabanni, ya tsare dukiyar mambobi.