GIDAN HAYA A ƘASAR DA AKE GUDU: NASIHA GA MATASAN ƘANƘARA, FASKARI DA SABUWA

 

'Yan'uwa, akwai wata shawara da ta yawaita a bakin matasa a wannan yanki. Yaro ya yi noman masara Allah ya sa wa abin albarka, ko ya tafi Legas ko Abuja ya yi acaɓa ko ya sayar da shayi ya tara ɗan abin da ya tara, sai a ce masa: kada ka sayi shanu, kora su za a yi. Kada ka tara hatsi a rumbu, ƙona shi za a yi. Nemi fuloti a cikin gari ka jera ɗakuna ka zuba 'yan haya, don gida ba ya gudu, ɓarawo kuma ba ya ɗaukarsa a kan babur.

Shawarar tana da ƙamshin gaskiya, kuma haya halal ce, babu jayayya a wannan. To amma kafin ɗan'uwa ya sauke tifar yashi ta farko, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa: wai shin su wane ne za su shiga waɗannan ɗakuna, kuma me ya kawo su?

A da, ɗan haya a garuruwa irin su Ƙanƙara ko Faskari sananne ne. Malamin makaranta ne da aka yi wa canjin wurin aiki, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗan sanda, ko ɗan kasuwa baƙo. Ɗan gari ba ya haya, abin kunya ne ma a ce yana yi. Idan zai yi aure sai a yanka masa wuri a gidan gado ya tayar da ɗaki. Abin da ya canza wannan kowa ya san shi. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau ta ƙasar Faskari suka kashe gomman mutane a yini guda. A daren 11 ga Disambar wannan shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344. A 2021 gwamnati ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. A Yunin 2024 aka sake yin wani kisan a 'Yargoje. Waɗannan su ne waɗanda jaridu suka ɗauka. Ƙananan ƙauyukan da suka watse ba tare da kowa ya rubuta sunansu ba, mutanen yankin sun fi kowa saninsu.

To mutanen waɗannan ƙauyuka su ne suka cika Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, masu ɗan ƙarfi suka zarce Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi, wasu har Zariya da Katsina. Mutumin da jiya yake da gida mai sassa huɗu da turken shanu da rumbu uku, yau shi ne yake tsaye a ƙofar dillali yana neman ɗaki ɗaya da zai cusa mata biyu da 'ya'ya tara. Wato buƙatar da ta ɗaga kuɗin haya a nan, tsoro ne ya haife ta. Mai gina gidan haya a wannan yanki ya sani cewa kasuwarsa ta buɗe ne daga musibar ɗan'uwansa. Wannan bai haramta masa kasuwar ba, amma ya ɗora masa nauyin da mai gidan haya a Kano ko Kaduna bai ɗauka ba.

Sai batun lissafi, wanda matasa da yawa ba sa yi. A ɗauka, a matsayin misali kawai, mutum ya kashe naira miliyan 6 tun daga fuloti har bulo da siminti da katako da kwano da kuɗin magina, ya sami ɗaki 6 da masai da madafa da rijiya. A ce kowane ɗaki naira 60,000 a shekara. An sami 360,000 ke nan idan duk ɗakunan sun cika kuma kowa ya biya, abin da ba ya faruwa. A cire kuɗin toshe yoyo da kwasar masai da gyaran katangar da damina ta zubar da ɗakin da ya yi wata uku a rufe, a ce saura 300,000. Shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo. Riba biyar cikin ɗari, a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, a ƙasar da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon shekarar 2024. Gaskiyar magana, gidan haya ma'ajiya ce ta dukiya, yana riƙe wa mutum darajar kuɗinsa a cikin ƙasa da gini. Ba ya ciyar da iyali sai ga mai gidaje da yawa. Wanda ya sayar da gonarsa ko ya zuba jarinsa kakaf a gini da zaton kuɗin haya zai riƙe shi, shi ne yake zama azzalumin mai gida, domin yunwa za ta tura shi ƙofar ɗan haya tun wa'adi bai cika ba.

Kuma wannan magana ta cewa gida ba ya gudu tana da fuska biyu. Waɗanda suka yi ginin siminti a ƙauyukan da suka watse, da gidan yana gudu ai da sun gudu da shi. Sannan idan Allah ya kawo zaman lafiya, abin da kowa yake roƙo dare da rana, manomi gonarsa zai koma, ɗakuna su zauna fayau. An yi sulhu a Satumbar 2019 zamanin Gwamna Masari, har aka zauna a ƙasar Sabuwa da ta Faskari, bai ɗore ba. An sake yin wasu zaman a 2025. Duk lokacin da aka ɗan sami sauƙi, mutane sukan ɗaure kaya su koma. To mutum ya binciki zuciyarsa: ranar da ya ji an ce hanya ta buɗe, 'yan hayarsa za su koma gida, murna zai yi ko gabansa ne zai faɗi? Idan faɗuwar gaba ce, to dukiyar nan ta fara yi masa ɓarna tun kafin a je ga hisabi.

Wajen sayen filin ma akwai rami. Ƙasa dai, tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake mallaka haƙƙin zama ne. Don haka a sayi fuloti da sanin mai unguwa da dagaci, a ga takarda, a kira maƙwabta su shaida iyaka, idan gado ne kuma a tabbatar duk magada sun yarda, har mata, har waɗanda suke gidan aure a wani gari. Wannan kowa ya iya. Wanda ake kau da kai a kansa shi ne cinikin mutumin da aka ɗauke wa ɗa ko mata, aka ba shi kwana uku ya kawo kuɗin fansa. Sai ka ga fulotin miliyan biyu an taya dubu ɗari takwas, mai saye yana ta hamdala wai ya yi sa'a. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna cinikin wanda aka matsa wa da zalunci. Maganar da ta shahara a mazhaba ita ce irin wannan ciniki ba ya lazimtar mai sayarwa. Wasu malaman sun inganta shi, hujjarsu kuwa ita ce idan kowa ya ƙi saye, wanda aka kama zai halaka a hannun azzalumai. Wato don ceton rai suka inganta shi. Babu inda suka yi nufin mai kuɗi ya sami garaɓasa. Wanda zai saya ya saya da farashin da fulotin yake da shi ranar da babu kowa a daji, ko kuwa ya ba da rance ya jira.

Idan gida ya kammala, shari'a ba ta bar mutum cikin duhu ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a makarantun zaure a ƙasar Katsina, ya yi bayanin haya a babin ciniki. Sharaɗi ne a san wa'adi a san kuɗi. Saboda haka wanda ya karɓi kuɗin shekara, bayan wata biyar ya dawo ya ce siminti ya tashi a yi ƙari, ko wani ya zo da tayi mafi tsoka a fita, ya ci haram. Idan ginin ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar ta warware a abin da ya rage, kuɗin sauran watannin na ɗan haya ne, a mayar masa. Abin da ya lalace don tsufa ko ruwan sama kuma ba a ɗora wa wanda yake ciki, sai idan shi ya yi ganganci. Duk wannan a rubuta shi a takarda, da Hausa, boko ko ajami, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi, kuma duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Amma hukuncin da ya fi shafar wannan yanki shi ne na mutuwa. Haya ba ta warwarewa don wanda ya kama gidan ya rasu. Magidanci ya biya kuɗin shekara, ya koma ƙauye don ya leƙa gonarsa, aka tare shi a hanya aka kashe. Sauran watannin nan haƙƙin magadansa ne. Matarsa kuwa takabarta wata huɗu da kwana goma ce, kuma a ɗakin da mijin ya bar ta ake so ta yi. Risala ta faɗi cewa tana da haƙƙin zama idan gidan na mijin ne ko ya riga ya biya hayar. Ko da kuɗin ya ƙare, ba za ta fita ba matuƙar mai gida zai karɓi hayar da aka saba biya a irin wannan ɗaki. To ina matsayin wanda tun ba a yi sadakar uku ba ya aiko dillali ya duba ɗakin? Mata nawa ne a Faskari da Ƙanƙara suka ƙarasa takaba a ajin firamare ko a kangon da babu ƙofa? Inna lillahi.

A nan akwai maganar da dole a faɗa wa matasa ba tare da rufa-rufa ba. Gidajen nan da yawa babu namiji a ciki, zawarawa ne da marayu da 'yan mata. Mallakar gini ba ta ba mutum izinin kutsawa ba. Daga ranar da ya karɓi kuɗi, ɗakin ya zama mazaunin wani, sai da sallama, sai da izini. Mai gida ya tsaya a zaure, ko ya aika matarsa ko mahaifiyarsa ta karɓo. Wanda kuwa ya mayar da bashin haya igiyar da zai ja 'yar mutane da ita zuwa ga saɓo, ya haɗa zalunci biyu a wuri guda, kuma kada ya zaci unguwa ba ta gani.

Wanda ya kasa biya fa? Akwai mai taurin bashi, yana da shi ya hana, wannan a kai shi gaban mai unguwa, in ya ƙi a je kotu. Akwai kuma wanda babu ce ta kama shi, gonar da zai biya da ita tana wurin da ba ya iya zuwa. Aya ta 280 a wannan sura ta yi umarni a saurara wa irinsa har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi. Manomi da kaka yake ganin kuɗi, sai a daidaita masa biya da kaka. Mai ɗan aikin ƙarfi a karɓa wata-wata, a daina dagewa sai na shekara a dunƙule. Ko da an kai ga rabuwa, dokokin karɓe gida a akasarin jihohin ƙasar nan sun tanadi notis: wata guda ga mai biyan wata, wata shida ga mai biyan shekara, sannan ƙarin kwana bakwai, sannan alƙali. Cire ƙofa da kware kwano ana tsakar damina da watso kayan mutane waje, babu dokar da ta yarda da shi, ta Musulunci ko ta boko.

Akwai kuma tsoron infoma, kuma tsoro ne mai dalili. Daidai ne a tambayi baƙo daga ina yake, a nemi mai unguwar garinsu ko wani sananne ya tsaya masa. Abin da ba daidai ba shi ne a rufe ƙofa ga ƙabila sukutum. Bafillacen da aka kore wa shanu ya gudo gari da iyalinsa, shi ma ɗan gudun hijira ne, 'yan bindigar nan ba su ƙyale shi ba.

Zakka kuwa ba ta kan ginin da aka ajiye don haya. Tana kan kuɗin da aka karɓa, idan shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗin mutum ya kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare, kuma ya shekara, sai a fitar da biyu da rabi cikin ɗari. Mai ɗaki shida da wuya ya kai nan.

Lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya isa Madina a shekarar 622, gidan Abu Ayyubal Ansari ya sauka, ya zauna wajen wata bakwai. Mutanen Madina haka suka rarraba baƙinsu a gidajensu. Shehu Usmanu ma da jama'arsa sun bar Degel zuwa Gudu a 1804, sun san abin da ake nufi da barin gida ba shiri. Ba a ce kowa sai ya kai matsayin Ansaru ba. Amma a garuruwan nan akwai gine-gine da yawa da aka yi wa rufi aka kulle, masu su suna Kudu suna jiran kuɗin filasta. Akwai wanda zai iya ware ɗaki ɗaya cikin shida ya ba da aro. Abin da yake hana mutane shi ne tsoron kada a shiga a ƙi fita. Maganin wannan a fiƙihu yake: a yanka wa aron wa'adi, a ce daga yanzu zuwa bayan kaka, a rubuta a gaban mai unguwa. Mai gida ba shi da ikon tayar da su kafin ranar, su kuma ba su da ikon zarce ta sai da sabon izini.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.