Tseren Motoci a Kan Titin Jama'a da Hujjojin Kariya a Gaban Shari'a



Laccar yau ta shafi wani laifi wanda mota ta zo da shi, watau tsere a kan titin da jama'a ke bi, da kuma hujjojin da wanda aka tuhuma yake iya kare kansa da su a gaban alƙali. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina amfanin nazarin kariyar mutumin da ya mai da ran jama'a abin wasa? Amfanin shi ne, kotu ba ta hukunta mutum a kan fushin da jama'a suke yi da shi, sai a kan abin da aka tabbatar, kuma lauyan wanda ake tuhuma shi ne yake tilasta wa mai gabatar da ƙara ya tabbatar ɗin. A ƙarar tsere abubuwa uku ake jayayya a kansu: ko an yi tseren, ko wane ne ya riƙe sitiyari, da kuma abin da ke zuciyarsa sa'ad da ya taka totur. Za a bi su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a daɗe a kan na ukun, domin a nan ne wata shari'a da aka yi a Jamus ta ɗauki shekaru.

Shin an yi tsere?

Gudun wuce kima laifi ne, tsere kuma wani laifi ne dabam wanda ya fi shi nauyi. A Ingila, sashe na 12 na Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 1988 ya haramta shirya tsere ko gwajin gudu tsakanin motoci a kan hanyar jama'a, ya kuma haramta shiga cikinsa, kuma wanda aka samu da laifin akan hana shi tuƙi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, sashe na 23109 na dokar ababen hawa ya faɗaɗa ma'anar, har ya haɗa da wanda yake tsere da agogo shi kaɗai. Saboda haka aikin farko na lauya shi ne ya karanta kalmomin dokar da aka tuhumi mutuminsa da ita, ya ga ko abin da ya faru ya shiga cikinsu.

Motoci biyu da suka tashi tare daga fitilar danja suna gudu ba lalle ne tsere suke yi ba. Tilas a nuna cewa akwai gasa tsakaninsu. Amma fa ba a bukatar yarjejeniya ta baki ko ta rubutu. Kotunan Jamus sun yarda cewa kallon juna, da kaɗa hannu, da rurin inji a bakin danja, sun isa su nuna an ƙulla tsere. Kariya a nan ita ce a kawo wani bayani mai shiga hankali: direban yana ƙoƙarin wuce babbar mota ne, ko kuwa wani ne ya biyo shi yana matsa masa. A lardin Ontariyo na Kanada, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2010 cewa, tun da laifin tsere da wasa da mota yana iya kai mutum gidan yari, to, dole a bar wa wanda ake tuhuma ƙofar nuna cewa ya yi iyakacin ƙoƙarin mai hankali don kada ya karya doka.

Wa ya tuƙa, kuma da wane gudu?

Na'urar ɗaukar hoto takan kama lambar mota, amma cikin dare ba kullum take kama fuskar direba ba, alhali kuwa mutum ake hukuntawa. Ingila ta toshe wannan kafa da sashe na 172 na dokar 1988, wanda ya wajabta wa mai mota ya faɗi wanda ya tuƙa ta. An ƙalubalanci sashen da cewa yana sa mutum ya ba da shaida a kan kansa, amma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta amince da shi a 2007. A wajen gudu kuma, dokar Ingila ta 1984 ta hana a sami mutum da laifin gudun wuce kima bisa ƙiyasin shaida guda ɗaya tak. Daga nan lauya yakan tambaya: yaushe aka gwada na'urar awon gudun? Wanda ya riƙe ta ya sami horo? Hoton bidiyon da aka kawo, an yanke wani abu daga cikinsa? Waɗannan tambayoyi suna kare direban kirki daga kuskuren na'ura, ko da yake mai laifi ma yakan ci moriyarsu.

Shari'ar Balin

Da tsakar daren 1 ga Fabrairu, 2016, wasu samari biyu suka yi tsere a tsakiyar Balin, babban birnin Jamus, a kan titin Kurfürstendamm da wanda ya ɗora daga gare shi, inda doka ta ƙayyade gudu a kilomita 50 a sa'a. Suka keta jar danja fiye da sau ɗaya. A wata mararraba, ɗayansu yana gudun da ya kai kilomita 160 a sa'a, ya daki motar wani dattijo ɗan shekara 69 wanda ya shigo da koriyar fitila. Dattijon ya rasu nan take. Mota mai irin wannan gudu tana cin mita 44 a daƙiƙa guda, kuma ƙarfin dukanta ya ninka na mai gudun kilomita 50 sau goma.

A wancan lokaci dokar Jamus ta ɗauki shiga tsere a matsayin ƙaramin laifi, hukuncinsa tarar Yuro 400 da hana tuƙi na wata ɗaya. Idan rai ya salwanta kuwa, kotu tana da hanya biyu masu nisa da juna: kisan sakaci, wanda ɗaurinsa bai wuce shekara 5 ba, ko kisan kai na ganganci, wanda hukuncinsa yake iya kai wa ɗaurin rai da rai. Abin da ya raba su shi ne niyya. A shari'ar Jamus, ba sai mutum ya yi nufin kisa kai tsaye ba. Idan ya hango cewa aikinsa yana iya kashe wani, ya kuma amince a ransa ko da hakan ta faru, to, ya yi niyya. Idan kuwa ya hango haɗarin amma ya dogara da gaske cewa zai wuce lafiya, to, sakaci ne.

A Fabrairun 2017 Kotun Lardi ta Balin ta sami samarin biyu da laifin kisan kai na ganganci, ta ɗaure su rai da rai, abin da ba a taɓa yi wa masu tsere ba a ƙasar. Lauyoyinsu suka ɗaukaka ƙara, kuma ran 1 ga Maris, 2018, Kotun Shari'a ta Tarayya ta soke hukuncin saboda dalilai uku.

Na farko, kotun ƙasa ta ce niyyar ta zo musu ne sa'ad da suka shiga mararrabar, kuma ita da kanta ta ce a wannan lokaci ba su da sauran ikon hana karon. Niyyar da ta zo bayan aiki ya kuɓuce daga hannun mai shi ba a gina hukunci a kanta. Na biyu, wanda ya keta mararraba da irin wannan gudu ya sa ransa ma cikin haɗari. Tun da mutum ba ya son mutuwarsa, wannan yana iya zama alamar cewa ya dogara ba za a yi karo ba. Kotun ƙasa ta ture wannan hujja da cewa masu manyan motoci sukan ji kamar suna cikin tankar yaƙi, amma kotun sama ta ce babu wata ƙa'ida irin wannan da ta hau kan kowane direba. Sai an tabbatar da ita a kan mutumin da ke gaban kotu. Na uku, saurayi na biyu bai daki kowa ba. Kafin a ɗora masa kisan da abokinsa ya yi, sai an nuna sun haɗa kai a kan kisan, alhali abin da aka nuna shi ne sun haɗa kai a kan tsere.

Jama'a da yawa sun ji zafin wannan hukunci, irin zafin da ke sa Bahaushe ya ce shari'a saɓanin hankali. To, amma a dubi abin da ya biyo baya. Aka sake shari'ar, alƙalai suka koma kan shaidu, suka tabbatar da cewa tun kafin mararrabar direban ya ga jar danja, yana da damar taka birki, ya zaɓi ƙara wuta don ya ci tseren. A Maris 2019 aka sake samun su duka da laifin kisan kai. A Yunin 2020 kotun sama ta tabbatar da ɗaurin rai da rai a kan wanda ya yi karon, ta sake soke na abokinsa. A 2021 aka ɗaure abokin shekara 13 saboda yunƙurin kisan kai. Kariyar ba ta kuɓutar da kowa daga gidan yari ba, amma ta raba laifin wannan da na wancan, ta kuma sa hukuncin ya tsaya a kan hujjar da ta jure bincike.

Majalisar dokokin Jamus ita ma ta ɗauki darasi. A Oktoban 2017 aka ƙara sashe na 315d a kundin hukunta laifuffuka: shiga tsere yana jawo ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tara, idan an jefa wani cikin haɗari shekara 5, idan rai ya salwanta kuwa daga shekara 1 zuwa 10, kuma ana iya ƙwace motar. Wannan ya cike giɓin da ke tsakanin sakaci da kisan ganganci. Ba a yi wa samarin Balin hukunci da shi ba, domin doka ba ta komawa baya ta kama abin da ya riga ta.

Abin da ya shafi Nijeriya

Waɗannan tambayoyi ba baƙi ba ne ga ɗalibin shari'a a nan gida. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, yana da ikon ɗaukar lauyan da yake so, kuma ba a hukunta shi sai da laifin da rubutacciyar doka ta bayyana, ta kuma faɗi hukuncinsa. Kundin Final Kod da Arewa ta soma aiki da shi a 1960 ya yi irin rarrabewar da kotunan Jamus suka sha fama da ita. Sashe na 221 ya ce kisa yana kai ga hukuncin kisa idan mai aikin ya sani, ko yana da dalilin sani, cewa mutuwa ita ce sakamakon da ya fi rinjaye, ba wanda yake iya yiwuwa kawai ba. Sashe na 79 kuma ya yi magana a kan haɗa kai wajen niyya. Daɗin daɗawa, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shimfiɗa sharuɗɗan da za a cika kafin kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, kamar bidiyon waya.

Saboda haka ɗan sanda, ko jami'in kiyaye haɗurra, ko lauyan gwamnati da irin wannan ƙara ta zo hannunsa, wajibi ne ya rubuta lokaci da wuri daidai, ya adana bidiyo yadda ya same shi, ya nemo shaidun da suka ga fuskar direba, sa'an nan ya zaɓi tuhumar da hujjarsa za ta iya ɗauka. Idan ya yi sakaci da waɗannan, iyalin mamaci ne za su ga an sallami wanda ya kashe musu mutum. Ɗaliban da za su zama lauyoyi kuma su sani cewa kare wanda ake tuhuma aiki ne da Tsarin Mulki ya tanada, muddin an yi shi ba tare da ƙarya ko sayen shaida ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a koma gida lafiya. Wassalam.