Jawabin Ma'ajiyar Ƙungiya: Farashin Tiya da Lissafin Hukuma

Hajiya shugaba, iyayenmu da ke zaune nan gaba, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana.

An ce in yi magana kan farashi, tunda littafin kuɗin ƙungiya a hannuna yake. Kun tuna farkon 2025, da rediyo ya ce hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairu? Wata uwar tamu ta ce a nuna mata kasuwar da aka yi saukin, ta je da kwandonta. Gaskiyarta. Kaya ba su sauko ba, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta sake ma'auninta.

Ga yadda suke yi. Suna da jerin abubuwan da gida ke kashe wa kuɗi, tun daga hatsi da man girki har haya da kuɗin mota. Duk wata ma'aikatansu na shiga kasuwanni su rubuta farashi, kuma kowane kaya da nauyinsa gwargwadon abin da yake ci a aljihun jama'a. Da can da shekarar 2009 ake gwadawa, yanzu an koma 2024, an kuma rage nauyin abinci daga fiye da rabi zuwa kashi 40. Ni dai a gidana tukunya ta fi cin haka, wallahi.

Inda lissafin ke da wuya shi ne kayan da ke bin lokaci. Tumatir da rani, in kayan lambu sun cika kasuwa, sai a yi ta kiranki a saya. Da faɗuwar damina kuwa sai kauɗa. Gero ya yi araha da kaka, ya hau a Yuli da Agusta. In kika gwada farashin Agusta da na Nuwamba, kanki kawai kika ruɗa. Shi ya sa hukuma ke gwada wata da takwaransa na bara, har tana fitar da wani lissafin daban wanda ta cire amfanin gona da makamashi. Abin da kan ɓace gaba ɗaya kuma, irin mangwaro, masu wannan aiki sukan riƙe farashinsa na ƙarshe, ko su kintata shi da yadda 'yan'uwansa suka motsa.

To mi ya kawo wannan cikin ƙungiyarmu? Bashin hatsi. Bara mun sayi gero da tsada a Agusta muka ranta wa mambobi, suka biya buhu da buhu bayan girbi. Haka shari'a ta ce, ba ƙari, kuma ba wadda ta ci amana. Amma da na juya buhunan zuwa kuɗi, asusu ya rame. Laifinmu ne, mun sayi hatsi a watan da ba a saye.

Don haka ina roƙon mu buɗe namu littafin. Mata biyu su riƙa shiga kasuwa ɗaya a farkon kowane wata, su rubuta farashin tiyar gero, masara, wake, shinkafa 'yar gida, da kwalbar man gyaɗa. Tiya ɗaya, kar a sake ma'auni. In shekara ta zagayo za mu san watan saye da watan sakin kaya. Wadda ta yarda ta ba sakatariya sunanta kafin a raba abinci.