Jawabi Kan Lissafin Asusu Mai Hawa



Abin da ya tara mu yau shi ne asusun nan mai hawa da wasunmu ke shiga a kasuwa: ranar farko naira 100, ta biyu 200, ta uku 300, haka har kwana 30. Mutum ya ji naira ɗari sai ya ce abu mai sauƙi, ba tare da ya san nawa ne jimlar ba. In tafiya ta yi nisa kuma, sai rigima ta zo gaban kwamiti.

To, ga dabarar. Ana ba da labarin wani Bajamushe, Gauss, haihuwar 1777, cewa yana yaro malaminsu ya ce su tara daga 1 zuwa 100. Shi sai ya haɗa ta farko da ta ƙarshe: 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma 101, haka dai har tsakiya. Biyu-biyu guda 50 ke nan, 101 sau 50, ya sami 5,050.

Mu ɗauko namu. 1 da 30 sun zama 31, sau 15, 465 ke nan. Tunda ɗari-ɗari ake hawa, jimlar zubi naira 46,500 ce.

Amma nan ne inda muke so ku buɗe kunne. Rabin kwanaki fa ba rabin kuɗi ba ne. In yawan kwanakin ba ya rabuwa biyu, sai a ɗauki na tsakiya a ninka da yawansu. Daga 1 zuwa 15, na tsakiya 8 ne, sau 15 ya zama 120, wato naira 12,000 kacal. Saura 34,500 na nan gaba! Kwana bakwai na ƙarshe kaɗai, 27 sau 7, naira 18,900 ne, sun fi duk abin da aka zuba a kwana 15 na farko. Saboda haka wanda ya janye a tsakiyar wata ya ce a ba shi rabi, ya nemi abin da bai zuba ba.

A ganinmu, mai sayar da goro ko tsire da cinikinsa ba ya hawa kullum, gara ya zuba 1,550 kowace rana, jimlar ɗaya ce. Kafin kowa ya ba da sunansa, ya kira ɗansa ɗan firamare su buga lissafin nan a takarda, mai karɓar kuɗin kuma ya sa hannu a kai gaban shaidu biyu.