Icce Na Cinye Ribarmu: Jawabin Ranar Cikar Ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena na nan Tambuwal, da waɗanda sunka taso tun daga Kebbe da Kuchi, sannunku da zuwa. Allah Shi maimaita muna.

An ce in yi magana kan wuta da sanyi cikin sana'armu. Zan fi daɗewa ga wuta, don nan kuɗinmu ke ƙonewa. Mai gumin shinkafa, mai ƙuli, mai daddawa da ke wuni tana dahuwar kalwa, kowace ta ƙirga abin da take miƙa ma mai icce a mako. Wata za ta tarar shi ne babban abokin tarayyarta, alhali bai zuba ko sisi ga adashi ba.

Laifin na murhun duwatsu uku ne. Masana sun auna, zafin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Saura iska ke kwashewa, hayaƙi kuma ya ƙare ga idonmu da ƙirjin goyon da ke bayanmu. In anka kewaye tukunya da ginin laka, anka bar ƙofa guda ta icce da mafitar hayaƙi, harshen wuta sai ya rungumi gindin tukunya. Irin wanga murhu ba daga Turai za a kawo shi ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda anka kafa a 1982, ta daɗe tana aiki kansa, har da na'urar shanya mai aiki da zafin rana, wadda ke tsare tattasai da kuɓewa daga ƙura da awaki.

Masu gumi, ku saurara nan. In shinkafa ta kwana a jiƙe, ba ta buƙatar a sake nutsa ta cikin ruwa. Ruwa kaɗan a gindin tukunya, faranti mai huji-huji bisansa, shinkafa a sama, a rufe ruf. Tururi ke aikin. Ruwa kaɗan ba ya cin icce, ta ƙasa ba ta ƙuna, kuma ba ta yawan karyewa ga inji. Ku kun san bambancin kuɗin tsayayya da karyayya ranar kasuwa.

Sanyi kuwa, firiji sai da wutar lantarki, kun ko san halinta. Amma akwai randa cikin randa, dabarar da marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000. Ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen rairayi tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a baki, a aje inuwa inda iska ke bi. Ruwan na bushewa yana janye zafi. Tumatir da yalo da kan lalace cikin kwana uku sai su haura mako biyu. Da bazara ta fi aiki. Da damina iska ta jiƙe, kada ku dogara gare ta.

Hajiya shugaba, roƙona guda ne. A ware wani abu daga asusu, a tura mata biyu Sakkwato su gano murhun nan da idonsu, ɗaya daga Tambuwal, ɗaya daga Kebbe. In sun dawo a gina guda ga gidan mai gumi, a rubuta kuɗin icce na wata ɗaya kafin gini da na wata ɗaya bayansa, a karanta muna ga taro na gaba.