Waken soya: me ke sa shi fure da wuri?

Yau zancenmu na waken soya ne, wanda mata ke yin awara da shi a Maradi da Damagaram.

Kowane iri yana ɗauke da gadon iyayensa. Abubuwan da ke riƙe da gadon nan ana ce musu ƙwayoyin gado. Ido ba ya ganinsu. A shekarar 2010 masana sun ƙidaya na waken soya, sun samu wajen 46,000. Ba kowace ke aiki ita kaɗai ba. Wata tana taimakon wata, wata kuma tana danne wata.

Ga misali. Waken soya asalinsa daga ƙasar Sin yake. Shi tsawon dare yake bi: in dare ya yi tsawo, sai ya yi fure. A arewacin Sin da Amurka, lokacin noma rana doguwa ce, tana kai awa 15. Shuka tana girma tukuna kafin ta yi fure. Nan wajenmu rana ba ta wuce awa 13. In ka shuka irin can a nan, sai ya yi fure tun yana ƙarami. Ga shi gajere, ƴaƴa kaɗan, damana ta tafi a banza.

Ƙwayoyi biyu ne manya a wannan al'amari. Ɗaya sunanta E1. Ita ce linzami, tana riƙe fure. Ɗayar sunanta J. In dare ya yi tsawo, J tana danne E1, linzami ya saki. To, akwai wani iri wanda J ɗinsa ba ta da ƙarfi. Shi linzaminsa ba ya saki da wuri. Yana yin tsawo da rassa, sannan ya yi fure, ya ba da ƴaƴa da yawa. Tun shekarun 1970 ake aiki da irinsa a Birazil, ƙasar da yau ta fi kowace noman waken soya. Amma sai a 2017 aka gane yadda J ke aiki.

Ku lura da nan. In E1 ɗin kanta ta lalace, raunin J ba ya tsinana abin kirki. Dole mai gyaran iri ya dubi su biyun tare.

Cibiyar IITA ta Ibadan, a Najeriya, tana fitar da iri na ƙasashe masu zafi. Sunansu yana farawa da TGx. Waken da aka auno a kasuwa don awara, ba ka san asalinsa ba. Kafin ka shuka, tambayi malamin gona sunan irin, da kwana nawa yake yi ya nuna.